Yadda Ƙwan 'Ya Mace Yake Samuwa Tun Tana Tayi

Ni dai malamin Hausa ne, ba likita ba. Aikin samar wa ilmin kimiyya kalmomi shi ya kai ni gonar masana halittar tayi, kuma abin da na tarar can ya isa a ba shi maraice guda. Tambayar ita ce: yaushe ne mace take samun ƙwan da za ta haihu da shi? Da yawanmu za mu ce ran da ta balaga. To, ba haka ba ne. Tun tana cikin uwarta aka gama ƙidaya shi.

Ƙwayoyin da za su zama ƙwai, waɗanda zan kira ƙwayoyin iri, ba a gidan ƙwai suke fara bayyana ba. A wajen mako na 4 ana ganinsu jikin wata 'yar jaka da ke manne da tayin. Daga nan suke bin bangon hanji su yi ƙaura, har su sauka inda gidan ƙwai zai kasance a mako na 5 zuwa na 6. Emil Witschi ya bayyana wannan tafiya a jikin ɗan Adam a 1948. Amma wa ya nuna musu hanya, alhali ba ido gare su ba? Amsar ita ce waɗansu sinadarai masu sa girma, waɗanda wata ƙwaya take fitarwa, wata kuma ta karɓa ta wata makarɓa a fatarta. Ni 'yan aike nake ce musu, domin aikinsu ke nan: kai saƙon a rayu, ko a yaɗu, ko a dakata.

Yawancin abin da aka sani daga ɓeraye aka samo shi. A 1999 aka nuna cewa tayin ɓeran da ya rasa ɗan aike mai suna BMP4 ba ya yin ƙwayar iri ko ɗaya. Wato shi ne mai ware ƙwayoyin farko, waɗanda ba su wuce kamar 40 ba, ya ba su wannan muƙami. Amma labarin da ya fi ƙayatar da ni na waɗansu ɓeraye ne da masana suka daɗe suna kiwo, masu farin tabo a gashi, da ƙarancin jini, waɗansunsu kuma ba su haihuwa. Me ya haɗa launin gashi da jini da haihuwa? Sai a 1988 aka gano cewa kashi ɗaya na ɓerayen makarɓa mai suna KIT ce ta lalace musu, a 1990 kuma aka gano ɗaya kashin ɗan aiken da ke shiga wannan makarɓa suka rasa. Ashe ƙwayoyin launi da na jini da na iri duk da wannan saƙo guda suke dogara. In bai iso ba, ƙwayoyin iri sai su ƙare a hanya.

Da sun sauka masauki sai su shiga yaɗuwa. Bisa ga ƙidayar da T. G. Baker ya buga a 1963, a wata na 5 na ciki adadinsu yakan kusa miliyan 7. Daga nan sai raguwa. Ran haihuwa saura miliyan 1 zuwa 2, lokacin balaga kamar 300,000, waɗanda za su nuna su fito kuwa a tsawon rayuwar mace ba su fi 400 zuwa 500 ba.

Tun daga wajen mako na 11 ƙwayoyin suke fara wani irin rabuwa na musamman, wanda zai mai da ƙullin gadonsu daga 46 zuwa 23, don a bar wa uba gurbin nasa rabin. A 2006 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Ostireliya ɗaya a Amurka, suka ce wani sinadari da jiki ke samarwa daga bitamin A shi ke ba da izinin farawa, kuma a tayin namiji akan rushe shi, don haka namiji sai ya balaga yake farawa. Daga baya waɗansu masana sun yi jayayya da wannan, har yanzu kuwa ana tafka mahawara. Abin da ba a musu a kai shi ne rabuwar ba ta ƙarasawa a lokacin. Ƙwan yakan tsaya cak, waɗansu ƙwayoyi su kewaye shi suna renonsa, ya yi ta jira shekara 13 ko 45.

Wannan sani ya fara ba da amfani. A 2016 Katsuhiko Hayashi da abokan aikinsa a Japan suka reni ƙwan ɓera tun daga farko har nunarsa a cikin tasa, ta hanyar ba shi 'yan aiken nan bi da bi, aka kuma haifi 'ya'ya lafiyayyu da shi.

A nan zan ɗan komo gida. Muna da kalmar juya, kuma mun san zafinta a kunnen wadda aka jefa da ita. Dalilan rashin haihuwa suna da yawa, wani ma daga mijin ne. Amma akwai matan da matsalarsu ta faru tun kafin a raɗa musu suna. Alal misali, a larurar da Henry Turner ya bayyana a 1938, ƙwayoyin iri sukan iso masauki lafiya lau, sa'an nan su mutu da gaggawa, har yarinya ta balaga gidan ƙwanta ya kusa zama wayam.