Ƙofofin Jan Ƙarfe a Jikin Bakteriya

Ruwan dagwalon masana'antun Sharaɗa da Challawa yana gangarawa Kogin Challawa, na Bompai kuwa rafin Getsi yake bi ya faɗa Jakara. Sinadarin kuromiyam na majemun fatu shi ya fi yin suna a wannan ruwa, amma akan sami narkakken jan ƙarfe a cikinsa. Duk da haka ƙwayoyin bakteriya suna zaune a ciki, har suna hayayyafa.

Bakteriya da yawa suna bukatar ɗan jan ƙarfe, domin wasu furotin da suke numfashi da su ba sa aiki sai da shi. In kuwa ya yi yawa, sai ya ture baƙin ƙarfe daga mazauninsa a cikin wasu furotin, aikinsu ya tsaya, ƙwayar ta mutu.

Kowace ƙwaya tana kewaye da tantani na maiƙo, wanda narkakken ƙarfe ba ya iya ratsawa. Kamar ganuwar Kano yake, ba a shiga sai ta ƙofa, ƙofofin kuma furotin ne. Bakteriyar E. coli tantani biyu gare ta. Na wajen yana da ƙananan kafofi, ta nan jan ƙarfe ke sulalewa tare da abinci. Ita kuwa Pseudomonas aeruginosa tana da ƙofa ta musamman mai suna OprC, wadda ke cafke jan ƙarfe ta shigar da shi. Wasu ma aike suke yi: bakteriyar da ke cin iskar metan tana sakin wani sinadari, ya kamo ƙarfen, ta jawo su ciki tare.

Ƙofar fita ta fi muhimmanci a gurɓataccen ruwa. Furotin CopA famfo ne, yana ƙona makamashin ƙwayar don ya tura rarar ƙarfen waje. Mai ƙarfin famfo ita ke tsira, raunana su ƙare.

Nan ne abin damuwa. A shekarar 2002 masana a Denmak sun gano cewa a bakteriyar hanjin aladu, ƙwayar gadon jure wa jan ƙarfe tana tafiya tare da ta jure wa wasu magungunan asibiti. Ke nan ƙarfen kaɗai yana iya rainon ƙwayar da ba ta jin magani. Da ruwan Jakara da na Getsi kuwa ake ban ruwan latas da alayyafon da ke shiga kasuwannin Kano.