Tsabtar ƙarfen gyaran gashi: darasi daga Alhilla Kuku

A Alhilla Kuku ta birnin Khartum, da unguwannin Omdurman inda 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe da zama, mata kan shafa karkar, haɗin man riɗi da kakin zuma da kitse, sannan su miƙar da gashi da ƙarfen da ake kira makwa. Zafin na lantarki kan kai digiri 200. Man da ya maƙale a jikinsa yakan ƙone ya zama baƙin danƙo, ya dinga fizgar gashi yana karya shi, har gefen kan amarya ya zube ana gobe biki.

Mu ma abin da ke faruwa a gidajenmu ke nan, kuma maganinsa ba wuya. A zare wayar daga soket, a bari ya huce, a goge da tsumma mai ɗan danshi. Kada a tsoma shi cikin ruwa, kada a kankare da wuƙa. Matajin ƙarfe da ake ɗorawa bisa gawayi kuwa, a cuɗa shi da toka da lemun tsami, a ɗauraye, a busar don gudun tsatsa.

Gashin 'ya'yanmu amana ne. Allah Ya sa mu dace, amin.