Tyche: Tauraron soja mai girman injin wanki, da abin da ba zai iya gani ba

Duk lokacin da aka sace mutane, sai ka ga tambaya ɗaya tana yawo a Facebook da X: "Wai ina amfanin tauraron ɗan'adam? Me ya hana a leƙo daga sama a ga inda aka kai su?" Wataƙila kai ma ka taɓa rubuta ta. To bari mu duba wani sabon tauraro na sojan Birtaniya, mu ga iyakar ganinsa.

Sunansa Tyche. An harba shi ranar 16 ga Agusta, 2024, a kan rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX, daga sansanin Vandenberg da ke Kalifoniya a Amurka. Nauyinsa kusan kilo 150 ne, girmansa kamar injin wanki. Kamfanin SSTL na Ingila ne ya ƙera shi a kan fam miliyan 22, an kuma tsara ya yi aiki na shekara biyar. Shi ne tauraro na farko mallakin rundunar sararin samaniya ta Birtaniya, kuma na gwaji ne: ana so a koyi darasi da shi kafin a zuba manyan kuɗi a kan waɗanda za su biyo baya.

Sunan ma na wata abar bautar tsoffin Girkawa ne da suke dangantawa da sa'a. Ba mamaki, don a Janairun 2023 wasu ƙananan taurarin gwaji biyu na sojan ƙasar, Prometheus-2, sun salwanta da rokar Virgin Orbit ta kasa kaiwa falaki.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Kyamarar Tyche tana ɗaukar hoton da kowane ɗigo a cikinsa yake daidai da kusan santimita 90 a ƙasa. Za a gane mota, a gane jirgi a filin sauka, a ƙirga tantuna a sansani. Fuskar mutum kuwa, ko lambar mota, a manta kawai. Wannan sai a fim. Kuma da hasken rana yake aiki. Dare ya yi, ko hadari ya rufe sama, shi ke nan. Mutumin da ya fake ƙarƙashin bishiyoyi masu duhu ma ganye kawai za a gani.

Sannan ba tsaye yake a sama kamar kyamarar tsaro a ƙofar banki ba. Yana nisan kilomita 500 ko kusa da haka, yana zagaye duniya cikin kamar awa ɗaya da rabi. Ya wuce ta kan wuri, sai a jira wani zagayen da zai sake dacewa da wurin. Mai babur kam ya daɗe da yin nisa. Shi ya sa Birtaniya ba ta tsaya a kansa ba: a 2025 ta ba kamfanin Airbus kwangilar taurari biyu masu na'urar rada, Oberon, waɗanda dare ko gajimare ba ya hana su gani.

Kada fa ka ce ashe aikin banza ne. Hoton jiya da na yau idan aka jera su, suna tona sabuwar hanya a daji, ko sansanin da babu shi a makon jiya. Sai dai dole a samu masu karanta hoton, da waɗanda za su tashi su je wurin.

Kuma labarin ya shafe mu kai tsaye. SSTL ɗin nan shi ya ƙera NigeriaSat-1 da aka harba a 2003, da NigeriaSat-2 a 2011. NigeriaSat-X kuwa, wanda ya tashi rana ɗaya da na biyun, injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu lokacin da suke samun horo a kamfanin. Ɗigon hoton NigeriaSat-2 mita biyu da rabi ne, wato bai kai Tyche kaifin ido ba. Shekara bakwai aka tsara masa ya yi aiki. Ƙirga daga 2011 da kanka.