Wane inji ya dace da ƙaramin jirgin ruwa na roba?

Ƴan'uwa masunta da manoman bakin ruwa, akwai wani ƙaramin jirgin ruwa na roba wanda ake hura wa iska. Ba shi da nauyi, ana naɗe shi a ɗauka. Yana da amfani a tabki irin na Madarunfa ko na Tabalak, da kuma lokacin ambaliya, kamar wadda ta ci unguwannin Yamai a shekarar 2020. Amma in an sa masa injin da bai dace ba, yana iya kifewa da mutane.

Da yawa daga cikinmu muna zaton babban inji ya fi. Ba haka ba ne. A katakon bayan jirgi akwai ɗan allo da maƙera suka liƙa. A kansa an rubuta yawan mutanen da jirgin yake ɗauka, da iyakar ƙarfin injin da yake jurewa. Mu karanta shi kafin mu fid da kuɗi. Ana auna ƙarfin inji da doki. Jirgi mai tsawon mita 3, ɗauke da mutum biyu ko uku, doki 4 zuwa 6 sun ishe shi. Inji mai doki 15 ya wuce kilo 35. Nauyinsa yana danne bayan jirgi, goshin ya tashi sama, ruwa ya shigo ta baya.

Sai mu duba ƙafar inji. Akwai gajera mai santimita 38, akwai doguwa mai santimita 51. Yawancin ƙananan jiragen roba gajera suke so. Doguwa tana nutsewa ƙwarai, farfela ta riƙa bugun yashi da duwatsu, musamman da rani in ruwa ya janye.

Injunan fetur iri biyu ne. Na farko, ana gauraya masa fetur da man inji. A yawancinsu, lita 5 ta fetur tana son mililita 100 na mai, amma a bi abin da takardar injin ta ce. In an manta da man, inji ya ƙone. Wannan iri ba shi da nauyi, gyaransa kuma da sauƙi. Na biyu, mansa yana zaune daban a cikinsa. Ba ya shan fetur da yawa, ba ya hayaƙi, sai dai ya fi nauyi da tsada. A ganinmu, mutumin ƙauye ya fara tambayar makanike: wane iri ne ake samun kayan gyaransa a kusa? Inji mai kyau da ba shi da kayan gyara, ajiya ce kawai.

In an tada inji, a duba ɗan siririn ruwan da yake fitowa daga bayansa. In ya tsaya, a kashe nan take, domin ciyawa ko leda ta toshe hanyar ruwan da ke sanyaya shi. Direba ya ɗaura igiyar kashe inji a hannunsa, don in ya faɗa ruwa injin ya mutu. Kowa ya sa rigar ceto, kuma kada a bar filafili a gida.