Kisan Dage da Tarin Fukan Shanu a Ingila: Ina Gaskiyar Lamarin?

A kudu maso yammacin Ingila babu ranar da mai shanu ke fargaba kamar ranar gwaji. Likitan dabbobi zai aske wuri biyu a wuyan kowace saniya, ya auna kaurin fata, ya yi mata allura biyu, sannan ya dawo bayan kwana uku ya duba kumburi. Wadda fatarta ta nuna alamar tarin fuka sai mahauta. Gwamnati za ta biya diyya, amma daga ranar an rufe garken, ba saye ba sayarwa, sai an riƙa maimaita gwaji duk bayan kwana 60 har a samu sakamako mai kyau sau biyu a jere. A 2024 gwamnatin Birtaniya ta ce cikin shekara goma an yanka shanu sama da 278,000 a Ingila saboda wannan cuta, kuma tana cin fiye da fam miliyan 100 daga baitulmali kowace shekara. A cikin waɗannan shekarun an kuma kashe dage sama da 230,000 da sunan maganin cutar. Shin kisan ya yi amfani?

Dagen da ake magana a kai ɗan'uwan namu ne mai fasa amya, sai dai na Turai bai kai shi tsaurin ido ba. Dabba ce mai farin zane a fuska, tana zama gida-gida a ramuka, da dare ta fito makiyaya neman tana. Kowane gida yana da iyakarsa, kuma da kashi da fitsari suke shata ta, a kan ciyawar da saniya za ta ci da safe. Wani lokacin har rumbun abincin shanu da kwamin ruwansu suke shiga. A 1971 aka fara samun gawar dage mai ɗauke da ƙwayar tarin fukan shanu a Gloucestershire, kuma daga 1975 zuwa 1982 hukuma ta yi ta hura iskar guba cikin ramukansu. Daga baya dokar 1992 ta ba dabbar kariya mai ƙarfi, ta yadda taɓa raminta ma laifi ne sai da lasisi. Makiyaya suna ganin dage na ƙaruwa, cuta ma na ƙaruwa, sai suka haɗa biyun.

Ba a musun cewa dage na sa wa shanu cutar, shanu ma na sa masa. Rigimar tana kan yawan abin, da kuma ko bindiga na rage shi. Don warware wannan ne, bisa shawarar rahoton Farfesa John Krebs na 1997, aka yi babban gwaji daga 1998 zuwa 2005, wanda har yau shi ne kaɗai aka tsara da wuraren kwatantawa da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a. An ware yankuna 30, kowanne kusan murabba'in kilomita 100, aka raba su kashi uku. A kashi ɗaya an riƙa kashe dage ko'ina, a na biyu sai kusa da gonar da cuta ta ɓulla, na uku kuwa ba a taɓa shi ba. An kashe dage wajen 11,000.

Sakamakon ya ba kowa mamaki. Kisan kusa da gonar da ta kamu, wanda shi ne hankali ya fi karɓa, an dakatar da shi a 2003 domin cutar ƙaruwa ta yi a wuraren, da kusan kashi 27 cikin ɗari. A inda aka yi kisan gama-gari kuwa sababbin kamuwa sun ragu da kusan kashi 23, amma a gonakin da ke kewaye da yankin, tazarar kilomita biyu, sun ƙaru da wajen kashi 25. Bayanin da masanan suka bayar yana da ma'ana ga duk wanda ya san halin dabbar dawa. Muddin gidan dage na zaune lafiya, marar lafiyarsu yana cikin iyakarsu. Da an kashe rabinsu, iyakoki sun rushe, waɗanda suka tsira su bazama nesa, na maƙwabta su shigo ramukan da suka zama kango, ciwo ya bi sawunsu. Garin gyaran gira aka taɓa ido. Shi ya sa kwamitin Farfesa John Bourne ya yanke a 2007 cewa kisan dage ba zai taka wata rawar a zo a gani ba wajen shawo kan cutar a Birtaniya.

Maganar ba ta mutu a nan ba. A shekarar nan dai babban mai ba gwamnati shawara kan kimiyya, David King, ya duba alƙaluman ya ce kisan zai iya amfani idan yankin ya yi faɗi kuma yana da iyaka irin kogi ko babbar hanya. Bibiyar da aka yi bayan gwajin ta nuna ɓarnar gefe ta lafa da wuri, ragin tsakiya kuma ya ɗan jima, har aka ƙiyasta ribar kusan kashi 16 cikin shekara tara. Da wannan gwamnatin David Cameron ta kafa hujja ta fara kisa a 2013 a Somerset da Gloucestershire. Amma ta sauya salo: a gwajin farko tarko ake ɗanawa sannan a harbe, a sabon salon kuwa kamfanonin manoma ne suka riƙa ɗaukar maharba su harbi dabbar tana yawo cikin dare, saboda ya fi araha. Sharaɗin shi ne a kashe kashi 70 na dagen yankin cikin mako shida, kuma ba a cim masa ba. Da aka tambayi ministan muhalli na lokacin, Owen Paterson, sai ya ce ai dagen ne suka gusar da ragar ƙwallon, maganar da ta zame masa abin tsokana. Kwamitin masana mai zaman kansa ya kuma gano cewa wani kaso na dabbobin na wuce minti biyar kafin rai ya fita.

Daga nan alƙaluma suka zama na kowa da nasa. Binciken 2019 ya nuna ragin kashi 66 a Gloucestershire da 37 a Somerset bayan shekara huɗu. Wani na masana hukumar lafiyar dabbobi a 2024 ya ce kashi 56 a yankunan kisa. Wani kuma a 2022, wanda masu adawa da kisan suka rubuta, bai ga bambanci tsakanin inda aka kashe da inda ba a kashe ba. A ganina duka ukun ciwonsu ɗaya. Ba ƙuri'a ce ta zaɓi yankunan ba, manoma ne suka nema, kuma a daidai lokacin aka tsananta gwajin shanu, aka ƙara gwajin jini wanda ya fi na fata kama cuta. Mara lafiyan da aka ɗura wa magani uku rana ɗaya, in ya samu sauƙi, kowane mai magani zai ce nasa ne. Ga kuma Wales, wadda ba ta bi hanyar kisan gama-gari ba, ita ma sababbin kamuwa sun ragu a cikinta a tsawon waɗannan shekaru.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙiyasin da Christl Donnelly da abokin aikinta suka fitar a 2013 daga bayanan babban gwajin. A yankunan da cutar ta yi katutu, kusan kashi 6 ne kacal na garkunan da suka kamu suka ɗauka kai tsaye daga dage, amma in aka haɗa da yaɗuwar da ta biyo baya tsakanin shanu, hannun dage zai iya kai rabi. Kowane ɓangare ya ɗauki adadin da ya yi masa daɗi. Amma in aka karanta su tare, abin da suke cewa shi ne dage na iya kunna wutar, shanu ne ke rura ta. Kuma dalilin a bayyane yake: gwajin fata, ko a ƙiyasin hukuma, yana tsallake saniya ɗaya cikin biyar masu cutar, wasu bincike ma sun ce abin ya fi haka. Garke zai samu takardar lafiya alhali da mai ciwo a ciki, a kai ta kasuwa, ta sauka a wata gunduma. An ga haka ƙarara bayan annobar baki da kofato ta 2001, lokacin da aka dakatar da gwaji, manoma kuma suka sayo shanu daga kudu maso yamma don cike garkunan da aka hallaka, suka kai tarin fuka inda da babu shi. Sikotland, wadda ta dogara da tsaurara gwaji kafin da bayan shigo da shanu, ta samu shaidar kuɓuta daga cutar tun 2009, ko da yake can dama cutar ba ta yi kanta a jikin dage ba.

Ba zan ce an bar jaki ana dukan taiki ba, domin dage ba taiki ba ne, yana da nasa laifin, kuma manomin da ya ga an loda shanun da ya raina a mota yana da haƙƙin a kula da abin da ke fita daga ramin bayan shingensa. Amma rahoton Farfesa Charles Godfray na 2018 ya faɗi abin da ya fi kusa da gaskiya: kisan na iya kawo ragi matsakaici, sai dai yawan surutu a kansa ya ɗauke hankali daga abin da masu shanu za su iya yi da kansu, wato lura da inda suke saye, killace abinci da ruwa, da kula da takin da ake watsawa a gona. Harbin dage ya fi sauƙin sayarwa a siyasa, domin takura cinikin shanu aljihun manomi yake taɓawa.

A watan Agustan 2024 gwamnatin Labour ta yi alƙawarin daina kisan kafin wa'adin majalisa ya ƙare, ta koma ga yi wa dage rigakafi, aikin da ke buƙatar a kama dabbar da tarko shekara bayan shekara, kuma ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu. Babban fatan yana kan rigakafin shanun kansu da allurar BCG, irin wadda ake yi wa jarirai. Cikas ɗinta shi ne saniyar da aka yi wa takan nuna kumburi a gwajin fata tamkar mai ciwo, don haka tun 2021 ake gwada wani sabon gwaji a gonaki wanda zai bambanta su. Shekarar da Ingila ta ɗibar wa kanta ta rabu da cutar ita ce 2038.