Idan Mota Ta Fara Karkarwa a Kan Birki

Duk wanda ke neman abinci a kan hanyar Tamale zuwa Techiman ya san wannan ciwo. Mota na tafiya lafiya lau, kana taɓa birki sai sitiyari ya hau karkarwa kamar mai zazzaɓi. Da yawanmu sai mu ce, "Ai hanya ce," mu ƙara wuta. Na daɗe ina jigilar masara da kaɗanya daga kasuwar Aboabo zuwa kudu, kuma abin da na gane shi ne, karkarwar da kanta tana nuna maka inda ciwon yake. In ka gano wurin kafin ka je gareji, ka tsira da kuɗinka, wataƙila ma da ranka.

Fara da gwaji

Ka sami miƙaƙƙen titi marar cunkoso, ka kai gudun kilomita 60 zuwa 80, sannan ka taka birki a hankali. Lura da inda kake jin abin.

In sitiyari ne ke rawa a hannunka, ka zargi farantan birkin gaba. In kujera da bayan mota ne ke girgiza, matsalar tana baya, galibi gangar birki ce ta daina zama da'ira. A nan mutanen baya sukan riga direba ji, don haka in uwargida ta ce, "Alhaji, kujerar nan tana rawa," kada ka ce mata tsoro ne. In kuwa motar na karkarwa ko ba ka taka birki ba, wannan aikin mai taya ne: ko taya ta kumbura, ko wili ya lanƙwashe a rami, ko nauyinsa bai daidaita ba.

Akwai kuma motar da ke ja gefe guda. Ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowane wili, amma kada ka taɓa. Wanda ya fi sauran zafi, ko yake warin ƙuna, birkinsa ya maƙale, ba ya saki.

Abu ɗaya ne ba ciwo ba. Mota mai ABS, in ka take birki da ƙarfi a kan tsakuwa ko jiƙaƙƙen titi, za ka ji yana buga maka ƙafa. Aikinsa ke nan, kada ka ɗaga.

Me ke kawo shi?

Farantin birki yana son fuskarsa ta zama sumul, kaurinsa ɗaya ko'ina. Bambancin da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya sa ka ji karkarwa. Babban maƙiyinsa zafi ne, mu kuwa 'yan kasuwa mun iya dafa birki. Motar buhu 20 sai mu ɗora mata 30. Ga tudun rage gudu a kowane gari, daga Savelugu har Walewale. Ga masu yalo-yalo da babura a cikin Tamale, taka-saki ba iyaka. Wanda kuma ya sauko gangaren Nakpanduri da kaya, ƙafarsa a kan birki tun daga sama har ƙasa, ya gasa farantansa. Gangare da ƙaramar giya ake saukarsa, injin ya riƙe motar.

Sauran dalilan a hannun mutane suke. Yaron mai faci ya ɗaure noti ɗaya tamau, sauran sako-sako. Ko a ɗora sabon faranti a kan tsatsa da jar ƙasa ba a goge mazauninsa ba. Irin wannan, bayan 'yan watanni karkarwar ta dawo.

A gareji

Ga inda kuɗi ke zubewa. Wani fita yana jin bayaninka sai ya ce a sauya fatun birki kawai. Sabuwar fata a kan faranti marar daidai, an yi ba a yi ba ke nan. Ka ce masa, "Maigida, mu cire wilin mu gani tare." A duba farantin: akwai zane mai zurfi? Ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi? Ya tsage? A jikinsa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, a milimita. In yana da sauran nama, ana iya fere shi a inji. In ya kusa iyaka, sai sabo, domin siririn faranti ya fi saurin ɗaukar zafi.

Kuma bibbiyu ake sauyawa, hagu da dama, tare da fatunsu. Tun motar na kan jak, a girgiza wilin a ji ko boris ko tayarod sun yi sako-sako, don su ma suna kawo rawa. A duba man birki. Yana tsotsar danshi, shi ya sa ake sauya shi kamar duk shekara biyu. Noti kuwa a ɗaure su ɗaya nan, ɗaya can daura da shi, ba bi da bi ba.

In kayan ba su samu a Tamale ba, ana aikowa daga Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Accra. Ka ba da sunan motar da shekararta daidai, kuma ka guji na araha marar suna. Araha ba ta ado, balle ta tsai da mota mai lodi. Bayan gyara, kwanakin farko ka riƙa taka birki a hankali har fata da faranti su saba da juna.

Ba wasa ba ne

A watan Fabrairun 2016, kusa da Kintampo, wata bas da ta taso daga Kumasi zuwa Tamale ta yi karo da motar tumatir, mutum sama da 50 suka rasu. Rahotannin lokacin sun ambaci matsalar birki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Hanyar nan ita muke bi kullum, da 'ya'yanmu da jarinmu.

Saboda haka, 'yan uwa, motar da ta fara karkarwa a kan birki kada a yi mata lodi sai an duba ta. Cinikin kwana ɗaya da za ka rasa, gobe ma kasuwa na ci. Allah Ya tsare mu, Ya kai mu gida lafiya.