Tarihin British Caledonian: Kamfanin Da Ya Ci Abinci A Hanyar Kano Da Ikko

Duk wanda ya yi tafiya Ingila daga Kano ko Ikko tsakanin 1971 da 1988 ba zai rasa tuna jiragen nan masu hoton zaki ruwan zinariya a wutsiya ba, waɗanda ma'aikatansu mata ke sanye da yadi mai gida-gida irin na mutanen Sikotilan. Su ne jiragen British Caledonian, kamfanin da ya zama na biyu a girma a Ingila kafin British Airways ya haɗiye shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, arzikin Nijeriya na cikin abin da ya raya kamfanin, tsiyacewar Naira kuma na cikin abin da ya kayar da shi.

Asalinsa wani ɗan ƙaramin kamfani ne, Caledonian Airways, wanda wani matuƙin jirgi mutumin Sikotilan, Adam Thomson, ya kafa da abokan hulɗarsa a 1961. Da jirgi ɗaya tak na haya suka fara, suna jigilar masu shata. A zamanin nan kuwa manyan hanyoyin sama duk suna hannun kamfanonin gwamnati biyu, watau BOAC da BEA. A 1969 wani kwamitin bincike ya ba gwamnatin Ingila shawara a samar da kamfani na 'yan kasuwa mai ƙarfi wanda zai yi gogayya da su. Saboda haka a ƙarshen 1970 Caledonian ya sayi British United Airways, aka gama su wuri ɗaya, a 1971 aka raɗa masa suna British Caledonian.

Don a tsayar da sabon kamfanin bisa ƙafafunsa, sai gwamnati ta karɓe hanyoyin Kano, Ikko da Ankara daga hannun BOAC ta miƙa masa a watan Afrilu 1971. Kyautar ta zo a kan gaɓa, gama a lokacin ne kuɗin man fetur ya soma kwararowa Nijeriya. 'Yan kasuwa, ɗalibai, ma'aikatan gwamnati da Turawan kamfanonin mai suka riƙa cika jiragen, har hanyar Nijeriya ta zama uwar ribar kamfanin. Daga baya ya buɗe hanyar Houston ta Amurka a 1977, da ta Hong Kong a 1980.

Amma fa akwai rauni biyu tun daga tushe. Na farko, mazauninsa filin Gatwick ne, alhali kuwa yawancin matafiya masu biyan kuɗi da tsoka sun fi son Heathrow, inda British Airways, wanda aka kafa a 1974 ta hanyar gama BOAC da BEA, ya yi kaka-gida. Na biyu, ribarsa ta rataya ga ƙasashe ƙalilan, yawancinsu masu arzikin mai, inda rikicin siyasa kan iya rufe hanya dare ɗaya. Yaƙin Ingila da Ajantina a 1982 ya raba shi da hanyar Buenos Aires. A watan Yuli 1984 kuma, da aka yi yunƙurin sato Alhaji Umaru Dikko daga Landan cikin akwati, Ingila ta tsare jirgin Nigeria Airways, Nijeriya ta rama da tsare jirgin British Caledonian a Ikko. Ga kuma wahalar fitar da kuɗin tikiti saboda ƙarancin kuɗin musaya: rijiya ta bayar, guga ya hana.

Shekarar 1986 ita ce ta karya ƙashin bayansa. Harin da Amurka ta kai Libiya, da haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl a Tarayyar Sobiyet, duka a watan Afrilu, sun sa Amurkawa sun ƙaurace wa Turai, jiragen suka riƙa ƙetare teku da kujeru fanko. Farashin mai ya faɗi. Sa'an nan a watan Satumba gwamnatin Janar Babangida ta buɗe kasuwar musayar kuɗi ta biyu. Dalar da a 1985 ba ta kai Naira 1 ba ta haura Naira 4. Kuɗin da aka tara a Nijeriya ya narke kamar gishiri a ruwa. Kamfanin da ya ci ribar sama da fam miliyan 20 a 1985 ya wayi gari da hasarar sama da fam miliyan 19.

British Airways kuwa, wanda gwamnatin Madam Thatcher ta sayar wa jama'a a watan Fabrairu 1987, yana da ƙarfinsa. A watan Yuli na shekarar aka ba da sanarwar zai sayi abokin hamayyarsa. Kamfanin SAS na ƙasashen arewacin Turai ya nemi sayen wani kaso don British Caledonian ya ci gaba da zaman kansa, amma a watan Disamba shugaban British Airways, Lord King, ya ajiye fam miliyan 250, ciniki ya faɗa. Ran 14 ga Afrilu 1988 sunan British Caledonian ya gushe daga jerin kamfanonin sufurin sama, hanyoyinsa na Nijeriya suka koma hannun magajin BOAC, watau gidan da aka karɓo su shekara 17 da suka wuce.

Adam Thomson ya rasu a 2000. Tarihin kamfaninsa ya nuna cewa kyawun hidima da farin jini wajen matafiya ba su isa su tsare kamfanin da rabin abincinsa ke cikin tukunyar wata ƙasa ba. Ranar da wutar ta mutu a can, yunwa ta iske shi har gida.